Kafin Ka Danna, Ɗana

Ɗana, kai da ke yawo da waya a hannu a Bagudo ko Illo ko Lolo, da abokanka na Ka'oje da Zagga da Tsamiya da kuke haɗa 'yan wasannin kwaikwayo kuna ɗorawa a TikTok da YouTube, da ke 'yata da kike rubuta musu labari a bayan littafin makaranta, ku ba ni aron kunnuwanku. Ina kallon abin da kuke saki, kuma raina yana fari da shi. Yaron da ya tashi da sha'awar ba da labarin garinsu, ya tara 'yan'uwansa ya raba musu aiki, alheri ne a cikin gari. Abu ɗaya ne yake ci mini tuwo a ƙwarya. Duk wanda aka ce masa aikinsa bai fita ba, amsar bakinsa ba ta canzawa: ai ba mu da kayan aiki, da a Kano muke da an sha mamaki. Wannan amsa nake so in raba ku da ita, don ta zaunar da mutane da yawa a bakin ƙofar sana'ar da suke ƙauna, ba su shiga ba har ƙarfinsu ya ƙare.

Kogin Kwara da ke ratsa ƙasarku yana da tarihi a harkar fim, ko da yake ba kowa ya sani ba. A shekarar 1946 wani Bafaranshe mai suna Jean Rouch, injiniya ne da ya taɓa aikin hanya a Nijar, shi da abokansa biyu, Jean Sauvy da Pierre Ponty, suka bi kogin nan tun daga mafarinsa a tuddan Gini har inda ya faɗa teku, ba su ƙare ba sai cikin 1947. Mai wannan tafiya dole ya wuce tsakanin Gaya da Malanville, ya gangaro ta ƙasar Illo, wato ta ruwan da kuke wanka a ciki tun kuna ƙanana. Kyamarar da ke hannunsa ta gwanjo ce, ƙirar Bell & Howell. Ba ta ɗaukar sauti, ba ta aiki da batir. Da hannu ake wana ta, ta yi wajen daƙiƙa 25 ta tsaya, sai an sake wani. Ƙafar da ake kafa ta a kai ma ta salwanta tun tafiya ba ta yi nisa ba, ya koma riƙonta a hannu. Da wannan kaya ya ɗauki farautar dorina ta Sarkawan yankin Ayorou, daga nan kuma ya kama hanyar da ta mai da shi ɗaya daga cikin fitattun masu fim na duniya, bai ajiye kyamara ba har ya rasu a hatsarin mota a Nijar a 2004.

Ka tsaya a kan daƙiƙa 25 ɗin nan, don a nan maganata take. Kyamarar da ke tsayawa da kanta tana tilasta wa mai ita tunani. Yana wani yana tambayar kansa: yanzu ina zan tsaya, me ya rage ban nuna ba, fuskar wa ta fi cancanta a gani? Taka wayar kuwa ta fi waccan kyamara fitar da hoto nesa ba kusa ba, kuma ba ta tsayawa sai ma'ajiyarta ta cika. Shi ya sa kake kafewa wuri ɗaya ka danna, ka bar ta tana ta zuba minti goma, 'yan wasa na kai da kawo a gabanka kamar ƙananan mutane a nesa, ka ce ka yi fim. Abin da na'ura ta daina tilasta maka, kai ne za ka tilasta wa kanka. Duk dabarun da zan lissafa maka hanyoyi ne na yanke shawara kafin yatsa ya taɓa gilashi.

Fara da sanin sunayen abubuwa, don ranar da za ka tsinci kanka a lokeshin tare da ƙwararru kada a yi magana a gabanka ka zama kurma. Fim jerin hotuna ne tsayayyu da ke wucewa da sauri har ido ya ga motsi: 24 a daƙiƙa a silima, 25 a talabijin ɗin ƙasarmu, yawancin wayoyi kuma a kan 30 suke zuwa. Ka zaɓi ɗaya ka zauna a kai har ka gama aiki. Daga lokacin da ka danna zuwa lokacin da ka tsayar, ɗauka ɗaya ke nan, ita ce 'yan fim ke kira shot. Abin da ya faru a wuri ɗaya a lokaci ɗaya kuma shi ne fitowa, ko sin. Fitowa ɗaya ana gina ta da ɗauka da yawa. Darakta shi ne mai ba da umarni, furodusa shi ne mai ɗaukar nauyi da shirya komai, sai mai ɗaukar hoto, mai sauti, mai kwalliya da sutura, da mai tacewa. Ko ku biyar ne kacal, kowa ya san nasa. Kuma a rubuta labarin tukuna. Wasan da aka ce kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa yakan yi tsawo ya rasa inda zai sauka.

Bari in ba ka fitowa ɗaya mu yi aiki da ita. Uwa ta rako ɗanta bakin ruwa a Lolo, zai bi jirgin albasa zuwa kasuwar Malanville, tafiyarsa ta farko. Ta kwance bakin zane ta ba shi 'yan kuɗin guzuri. Ya karɓa, ya shiga jirgi. Shi ke nan labarin, amma dubi yadda za ka raba shi. Ka fara da hoton nesa, wanda suke kira wayid: gaɓar ruwa, jirage a jere, buhuna, mutane, su biyun a cikin taro. Da wannan mai kallo a Kano ko Jidda zai san inda aka kawo shi. Sai ka matso ka ɗauke su daga ƙugu zuwa sama, wato midiyom, inda ake ganin magana da motsin hannu. Sannan ka matso sosai, kulosof ke nan: yatsunta suna fama da ƙullin da ta ɗaure tun jiya, sefa da naira a cakuɗe, sai idon yaron da ke son ya nuna shi namiji ne amma tsoro ya cika shi. Hoton kusa tsada gare shi, ɗana. In ka yi ta watsa shi a kowace gaisuwa, ranar da zuciyar labarin ta zo ba ka da sauran abin da za ka matso da shi. Kuma da ƙafarka za ka matso. Jan hoto da yatsu biyu a gilashin waya yawanci yanka hoton kawai yake yi ya kumbura shi, ya fito dishi-dishi.

Yadda ƙwararru ke yi, sukan ɗauki fitowar gaba ɗayanta daga nesa, daga farko har ƙarshe. Su sake maimaita ta kyamara na kallon uwar ta bayan kafaɗar ɗan, su sake yi tana kallon ɗan. Daga baya su tsinci ƙananan hotuna: igiyar jirgi ana kwancewa, hannun matuƙi a kan gora, ruwa na dukan gefen katako. Kada ka raina waɗannan ƙananan. Ranar tacewa, in jarumi ya yi tuntuɓen harshe a tsakiyar magana, su ne za ka rufe gurbin da su ba wanda ya gane.

Akwai wata ƙa'ida da nake ganin kuna takawa kullum ba da sani ba, ita ce kuma ke sa mai kallo ya ji kansa ya ɗaure ya rasa dalili. Ka ɗauka an ɗaura igiyar shanya daga uwar zuwa ɗan. Duk inda za ka kafa kyamara a wannan fitowa, ka tsaya a ɓangare ɗaya na igiyar. In ka kiyaye, uwar za ta riƙa duban dama, ɗan yana duban hagu, idanunsu su haɗu a kan gilashi. In ka tsallake ka ɗauki ɗayansu daga ɗaya ɓangaren, sai a ga dukansu suna duban gefe guda, kamar kowa na magana da wani na uku. Ita ce ake kira ƙa'idar digiri 180. A wurinku ta fi ko'ina muhimmanci, don labaranku na tafiya ne da ƙetare iyaka. In jirgin yaron ya tashi daga hagu yana tafiya dama, to ya ci gaba da tafiya dama a kowane hoto har ya isa. Ranar dawowa ya taho daga dama zuwa hagu, mai kallo zai san gida aka nufa ko ba a faɗa masa ba. Amma in ka haye ɗaya gaɓar ka ɗauko shi don wurin ya fi kyau, jirgin zai juya a kan gilashi, a zaci yaron ya fasa tafiya. Haka babur a hanyar Tsamiya zuwa Segbana, haka garken shanu da ya nufi mashaya.

Tsarin hoto ba shi da wuya. Ka kunna layukan nan da ke raba gilashin waya gida tara, ka sa idon mutum a kan layin sama, ka bar fili ta gefen da yake duba. Kada ka bar sarari mai yawa a saman kansa, kada kuma ka yanke shi a wuya ko a gwiwa. In kogi yana baya, layin ruwa ya miƙe sak, don ido ba ya yafe ruwa a karkace. Ka duba bayan jarumi kafin ka duba fuskarsa, ko akwai turken wuta da ya tsiro masa a ka, ko yara 'yan kallo suna ɗaga hannu. Kyamara a daidai ido ita ce asali. In ka sauke ta ƙasa tana duban sama, mutum zai yi kwarjini. In ka ɗaga ta tana duban ƙasa, zai ƙanƙance. In yaro kake ɗauka, durƙusa. Ka kuma yanke tun farko ko a kwance za ka riƙe wayar don YouTube da talabijin, ko a tsaye don TikTok, kada ka gauraya. In babu ƙafar kyamara, ɗora wayar a kan buhun shinkafa, ko ka manne gwiwar hannu a haƙarƙari ka sassauta numfashi. Kada ka motsa kyamara sai da dalili. Ka danna, ka ƙirga uku a zuci kafin ka ce akshin, in an gama kuma ka ƙara uku kafin ka ce kat.

Haske kuwa Allah ya ba ku kyauta, sai dai ku koyi lokutansa. Ranar tsaka a ƙasar Kabi ba ta da tausayi: tana saukowa daga tsakar ka, ta mai da idanu ramuka, wanda ya sa malfa kuwa fuskarsa ta ɓace ɗungum. Daga fitowar rana zuwa hantsi, da bayan la'asar zuwa gab da magariba, nan ne hasken ke kwantawa ya shafi fuska. Ka tsara aikin waje a waɗannan lokuta, tsakar rana ka shiga ɗaki ko cikakkiyar inuwa, ba inuwar bishiyar da ke yayyafa wa fuska tabo-tabo ba. Kada ka tsayar da mutum ƙyallin ruwa ko hasken ƙofa yana bayansa, don wayar za ta bi hasken ta bar fuskar baƙi ƙirin, sai fa in inuwar mutum kake nema da gangan. Ka danna fuskarsa a gilashi ka riƙe har wayar ta kulle haske da saiti a kanta. Ka kuma sani farar shadda fes tana ruɗa waya ta duhunta fatar irin tamu, don haka kaya masu launi sun fi sauƙin ɗauka. Masu sana'ar suna aiki da fitila uku: babba daga gaba ta gefe, ƙarama mai rage inuwar da babbar ta jefa, da ta baya mai raba mutum da bango. Kai ma kana da su. Ka sa rana ta bayan kafaɗar jarumi, wani ya riƙe farin kwali ko farin zanen gado a gabansa ya mayar masa da haske a fuska. A ɗaki taga ita ce babbar fitilarka, ka kashe ƙwan lantarki don kada launuka biyu su yi faɗa. Hazon hunturu yana tausasa haske, abokin aiki ne. Zafin bazara kuwa yana sa waya ta ɗauke a tsakiyar aiki, ka riƙa ɓoye ta a inuwa tsakanin ɗauka da ɗauka.

Yanzu na zo inda kuka fi rauni, wato sauti. Mutum zai haƙura da hoto mai ɗan duhu, amma ba zai zauna minti biyu yana kallon bakin da ba ya jin abin da yake faɗa ba. Garuruwanku kuma cike suke da ƙara: injin ban-ruwa a fadamar shinkafa, injin jirgi, injin niƙa, babura, janareta, ga iskar kogi da ke bugun makirufo. Kunnenka ya saba da su har ya daina jin su, makirufo kuwa ba ya sabo. Kafin ka amince da wuri, rufe ido ka saurara minti guda. Sirrin sauti kusanci ne. In ba ka da ƙaramin makirufo na maƙalawa a wuyan riga, ka kunna rikoda a wata wayar, a ɓoye ta a aljihun gaba na jarumi ko a bayan ƙwarya kusa da shi. A farkon kowace ɗauka wani ya tsaya gaban kyamara ya faɗi lambar fitowa ya tafa sau ɗaya. Wannan tafin ne zai haɗa maka hoto da sauti wajen tacewa, kuma aikin allon nan mai baki da kake gani ana ƙwasawa a manyan finafinai ke nan. Ka rufe makirufo da ɗan soso saboda iska. Ka sa abin ji a kunne lokacin ɗauka. In an gama fitowa, kowa ya yi shiru ka naɗi sautin wurin na minti guda, don cike gurabe. In an kira salla, ku tsaya ku je ku yi, aikin zai jira.

Game da kiɗa, ga abin da Sarkawa suka koya wa Rouch. Bayan ya sake yin wani fim na farautar dorina a farkon shekarun 1950, ya dawo da shi Ayorou ya haska wa mutanen da ke ciki. Suka kalla, suka ƙi amincewa da kiɗan da ya ɗora a kan farautar. Suka ce masa ita farautar dorina shiru ake yin ta, kiɗan da ke ƙarfafa zuciyar mafarauci zai ƙarfafa ta dabbar ma. Ya karɓi gyara. Masunta ne da ba su taɓa shiga ajin fim ba, amma sun san gaskiyar abin da ake nunawa fiye da mai kyamara. Ku kuma kuna ɗauko kiɗan Indiya ku shimfiɗa tun daga farko har ƙarshe, har a kan gaisuwar safe. A fitowar uwa da ɗa da muka yi, motsin ruwa da tashin injin jirgi sun isa su sa mai kallo ƙwalla. Ka kuma tuna kiɗan wani haƙƙinsa ne, YouTube ma tana iya toshe maka aiki a kansa. Ka nemi makaɗin garinku ku yi yarjejeniya.

Ku naɗa mutum ɗaya mai lura, ku ba shi littafi da biro, shi ne mai kwantiniti. Aikinsa ya rubuta kuma ya ɗauki hoton yadda aka bar komai: hular ta karkata dama ko hagu, da wane hannu aka karɓi kuɗi, buhu nawa ne a jirgi. Fitowar da mai kallo zai gani a minti ɗaya wataƙila kwana biyu kuka yi kuna ɗauka. A bakin Kwara har ruwan sai an sa masa ido, don yana cika da damina, ya sake tasowa wajen hunturu in ruwan Gini ya iso, sannan ya janye da bazara. Tsibirin yashin da ka ɗauka a watan Afrilu ba za ka same shi a Satumba ba.

Tacewa ita ce inda fim yake zama fim. Wajen shekara ɗari da suka wuce wani malamin fim ɗan Rasha, Lev Kuleshov, ya ɗauki hoton fuskar wani jarumi da ba ta nuna komai, ya haɗa ta da kwanon miya, ya sake haɗa ta da akwatin gawa, ya sake haɗa ta da wata mace. Masu kallo suka ga yunwa, suka ga baƙin ciki, suka ga sha'awa, alhali fuskar ɗaya ce. Ma'ana tana fitowa ne daga abin da ka jera kusa da abu. Wannan ƙarfi ne, kuma amana ce. Fim ɗin Rouch na farko, da ya shiga hannun kamfanin da ya sayi hotunan a Faransa, sai suka sauya jerin al'amura. Bikin da masunta suka yi kafin farauta don neman sa'a aka ɗauke shi aka kai ƙarshe, aka ɗora murya mai zuzutawa, Turawa suka kalli Sarkawa a matsayin abin al'ajabi. Da sauya jerin hotuna aka yi wa mutane ƙarya. Kai ma da CapCut a wayarka, ko DaVinci Resolve a kwamfuta, kana iya yanka maganar dattijo ka haɗa da dariyar da aka yi a wani wuri ka zubar masa da mutunci. Ka ji tsoron Allah a kan wannan. Ta fuskar gwaninta kuwa, ka yanka a tsakiyar motsi: hannu ya fara miƙa kuɗi a hoton nesa, ya ƙarasa a na kusa, ido ba zai ga ɗinkin ba. Ka shiga fitowa a makare ka fita da wuri. Ba sai mun ga yaro ya sa takalmi, ya buɗe ƙofa, ya bi lungu har bakin ruwa ba. Ka rabu da juye-juyen hoto da walƙiyar da manhaja ke tallata maka. Duk hoton da bai ƙara wa labari komai ba ka cire shi, ko ka sha wuya kafin ka same shi.

Zama a bakin iyaka yana da nasa ladubban. Kafin ka kafa kyamara a kasuwa ko mashigi, ka gai da hakimi ko mai gari, ka sanar da sarkin kasuwa da sarkin jirgi. Kada ka ɗauki shingen kwastan ko na jami'an shige da fice ko na soja ba da izini ba, haka jami'an tsaro a ɓangaren Benin. Halin tsaro a wannan yanki, ta wajenmu da ta wajen Alibori, ya sa ba a wasa da mai ɗaukar hoton da ba a san shi ba, balle mai tayar da ɗan jirgin nan maras matuƙi. Kada ka saki fuskar mutum a intanet bai sani ba. Mai ɗauke da jarka a babur, da matan da ke wanki a gaɓa, da 'ya'yan mutane, ba kayan ado ba ne na fim ɗinka, hoto ɗaya yana iya jawo wa wani abin da ba za ka iya cire shi daga ciki ba. In jirgi ya kife, Allah ya kiyaye, ka ajiye waya ka miƙa hannu, kada ka yaɗa gawar ɗan wani uwarsa ta gani a Facebook.

Ruwan kansa ka girmama shi. Mutanen Kabi ba su manta da jirgin da ya nutse kusa da Warrah a ƙaramar hukumar Ngaski a watan Mayun 2021 ba. A watan Afrilun 2024 kuma wannan kogin dai, can ƙasa a jihar Anambra, ya ci jarumin Nollywood Junior Pope da wasu abokan aikinsa a kan hanyar aikin fim. Duk wanda zai shiga jirgi saboda fim ɗinka ransa yana wuyanka. Rigar ruwa ga kowa, kada a cika jirgi, kada a yi dare, kada ka sa wanda bai iya iyo ba ya miƙe tsaye don hoto ya yi kyau. Maganar matuƙi tana gaba da ta darakta a kan ruwa.

Abin da nake roƙonku kuma, ku daina aron falon Kano. Kano ta yi nata, kuma ta yi da kyau. Fim ɗin Turmin Danya da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a 1990 da ƙaramin kaya aka yi shi, daga irinsa masana'antar Kannywood ta tashi. Oumarou Ganda na Nijar a gaban kyamarar Rouch ya fara, ya koma bayanta ya ba da labaran mutanensa, har ya zama na farko da ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1972. Kowannensu abin da ke gabansa ya ɗauka. Ku a gabanku akwai dangin da iyaka ta raba gida biyu, auren da ake kai amarya wata ƙasa a babur, ɗan canjin da ke lissafi da kuɗi iri biyu, manomin shinkafa da ambaliya, makiyayi da burtali, da abin da rufe iyaka a 2019 ya yi wa gidaje. Ku bar jarumanku su yi Hausar da suka sha a nono, kada su ari Kananci. Bafulatani ya yi Fulatanci, Badandi ya yi Dandanci, mai Busanci da mai Kyanganci kowa ya yi nasa, ku rubuta fassara a ƙasan hoto. In kun ƙara ta Faransanci, kun sami masu kallo a Kandi da Parakou da Gaya. Wanda Allah ya hore wa hali ya nemi ƙarin ilimi, akwai Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa a Jos.

In kun gama, ku rubuta sunan kowa a ƙarshen fim, har matuƙin jirgi da matar da ta ba ku aron tsakar gidanta. Sannan ku adana aikin. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya yi a 1976 ya yi shekaru ana zaton ya ɓace, sai a 2016 aka gano faya-fayansa a wata tsohuwar ma'ajiya, aka gyara shi a Jamus aka nuna a bikin finafinan Berlin a 2018. Wannan fim ne da hukuma ta san da shi, ina ga naku da ke cikin wayar da za ta iya faɗawa ruwa gobe? Kowace yamma ku kwafe abin da kuka ɗauka, ku rubuta kwanan wata da sunan wuri da sunayen waɗanda ke ciki. Kwafi biyu za ku yi, ɗaya a hannun mai tacewa, ɗaya a gidan wani ɗan'uwa da ke kan tudu inda ambaliya ba ta kaiwa.